Malam-Buɗe-Littafi Na Lemo Ba Ya Cin Auduga

'Yan'uwana manoma, a daminar bara wani dattijo da ke noma a bakin kogin Rahad ya aiko yaro ya kira ni, wai in zo da sauri annoba ta faɗa wa audugarsa. Da na isa na tarar har ya sayo magani, an ɗauko famfon feshi. Ya nuna mini waɗansu manyan malam-buɗe-littafi, baƙaƙe masu ɗigo-ɗigon rawaya, suna yawo bisa gonar. Ya ce, "Malam, ka ga iyayen tsutsa sun sauka." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri mu duba tukuna." Muka bi kunya-kunya muna ɗaga ganye, ba mu ga ƙwai ba, ba mu ga tsutsa ba. Sa'an nan na roƙe shi ya kai ni lambunsa. Can muka iske dashen lemun tsami guda goma sha biyu da ya sa, bakwai an cinye musu ganye sai tsinke. Da ya yi feshin nan, da kuɗinsa ya tafi a banza, lemon kuwa ana ta ci.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowace tsutsa da irin ganyen da take ci. Ba kamar fara take ba, wadda duk abin da ta tarar kore sai ta cinye. Uwar tana ɗanɗana ganye da ƙafafunta kafin ta saka ƙwai, in ba na 'ya'yanta ba ne sai ta tashi ta yi gaba. Ku dubi tumfafiya, wadda Larabawa ke kira ushar. Akwai wata tsutsa mai zane fari da baƙi da rawaya da ke zaune a kanta, tana cin ganyen nan mai madarar dafi, amma in ka ɗora ta bisa auduga yunwa za ta kashe ta.

To, wannan babban na lemo ba shi da wuyar ganewa. In ya buɗe fikafikai faɗinsu ya kai inci 3 zuwa 4, kuma a fikafikan baya akwai tabo kamar ido, ja da shuɗi. Da rana yake yawo. Abin da ke kawo shi gonar auduga ruwan zaƙin fure ne kurum, ba shi da bakin tauna. Wurin saka ƙwai kuwa dangin lemo yake nema: lemun tsami, da lemun zaƙi, da babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake kawowa daga Kasala. A daji yana bin itatuwan da suke dangi ɗaya da lemo. Tsofaffinmu da suka taso daga ƙasar Hausa sun san fasa-ƙwari da ake sawa a yaji, shi ma cikin wannan dangi yake. Duk waɗannan in ka murza ganyensu za ka ji ƙamshi mai ƙarfi. Akwai kuma wani ɗan'uwansa, fari da baƙi, wanda tsutsarsa ke cin gwandar daji. Shi ma ba ruwansa da auduga.

Ƙwai ɗaya-ɗaya take sakawa, a kan sabon toho mai taushi, kewayayye ne kamar ƙwayar gero, fari-fari. Bayan kwana 4 zuwa 6 ya ƙyanƙyashe. Ƙaramar tsutsar nan ita ce ke ruɗin mutane, gama kamanninta sak kashin tsuntsu ne, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, tana kwance bisa ganye ba motsi. Ni kaina sai da na yi watanni cikin wannan aiki kafin idona ya saba da ita. Tana girma tana saɓa, har a ƙarshe ta koma koriya shar, tsawonta kamar inci ɗaya da rabi. A wannan lokaci ne cinta yake da yawa. In ka taɓa ta sai ta fito da wani abu ja-ja mai baki biyu daga bayan kanta, kamar harshen maciji, da wari mara daɗi. Kada ku ji tsoro, ba ta cizo, ba ta da dafi, tsuntsaye take kora da shi. In ta ƙoshi sai ta ɗaure kanta a reshe da zare kamar ɗamara, ta daskare, bayan mako biyu ko uku malam-buɗe-littafi ya fito.

Babban itacen lemo ba ya jin wannan ɓarna, yana da ganyen da zai ba da sadaka. Dashe ne abin tausayi, wanda bai wuce shekara biyu ko uku ba. Tsutsa biyu sun isa su tuɓe shi cikin 'yan kwanaki, in kuwa aka yi masa haka sau biyu sau uku sai ya tsumbure ko ya mutu. Maganin ba ya bukatar kuɗi. A zagaya da safe sau biyu a mako, a duba sabon toho, a tsince ƙwai da tsutsa da hannu. Aikin yara ne, suna ma jin daɗinsa. In dashen yana da yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Amma fa kada a kai maganin auduga kan lemo. Lemon nan 'ya'yanku ne za su tsinka su sha.

Yanzu bari mu koma kan auduga, gama maƙiyanta na gaskiya su ma da gidajen saukarsu. Iyayensu ƙanana ne, masu launin ƙasa ko toka, da dare suke tashi, su ne kukan gani suna kewaya fitila. Tsutsar da ta fi ɓarna ita ce mai huda ƙwallon auduga ta cusa kai ciki ta bar gindinta waje. Ita ba ta da zaɓi ƙwarai: tana cin zangarniyar dawa, da masara, da wake, da lubiya, da tumatir. Mu a Gadarif dawa ta kewaye mu ta kowane gefe, saboda haka in dawa ta fara bunni ku dinga leƙa zangarniya, sa'an nan ku duba kan audugar da ke maƙwabtaka da ita. Mai ƙaya-ƙaya a jiki kuwa dangin auduga take bi, watau kuɓewa, da rama, da ciyawar nan hambuk mai fitowa a baƙar ƙasa. In an tumɓuke auduga, a nan take fakewa har wata shekara. Ja-jar nan ƙarama cikin angurya take ɓuya. Dalili ke nan da ya sa tun zamanin da aka kafa doka a tumɓuke karan auduga a ƙone bayan tsinka, kada kuma a bar tsohuwar kuɓewa kusa da gona. Na san kuɓewar rani tana kawo kuɗin cefane, ban ce a daina ba, amma a nisanta ta, in ta gama 'ya'ya a cire ta.

Kada wani ya ce ai feshi ba ya ɓata kome. Mutanen Jazira sun ɗanɗana. A shekarun 1970 aka yi ta ƙara feshi saboda tsutsar ƙwallo, har ya kai sau 8 a shekara guda. Maganin ya kashe gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin maɓarnata, sai farin ƙuda ya sami fili, ya cika auduga da danƙo, masu saye a ƙasashen waje suka karya mata farashi. Har wa yau, ba a taɓa jin tsutsar lemo ta ci auduga ba. Irin nan da aka fara shukawa a Sudan a 2012, wanda tsutsar ƙwallo ke ci ta mutu, bai hana farin ƙuda da masu tsotson ganye ba, don haka ƙwarin nan masu taimako har gobe muna bukatarsu. Ga shi kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 magani ya yi tsada, samunsa ma wuya.

Duk wanda ya ga tsutsar da bai gane ba, ya sa ta cikin kwalba tare da ganyen da ya same ta a kai, ya huda murfin, ya kawo mini ko ya kai wa malamin gona na shiyyarsa. Ganyen nan kada a manta da shi, shi ne muke fara dubawa.