Sunayen Takalma a Hausa da Asalinsu

Wanda ya saurari maganar mutanen ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi zai tarar sunayen takalmansu sun kasu kashi huɗu, kowane kashi da hanyar da ya biyo ya shigo.

Na farko shi ne kalmar takalmi ita kanta. Masana da dama suna danganta ta da Azbinanci, watau harshen Buzaye. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama Katsina ta daɗe tana karɓar ayarin Agadas, suna ko da fatu da gishiri suka zo.

Na biyu shi ne na Larabci, misalinsa huffi, daga khuff. Wannan ta hannun malamai ta shigo, domin littattafan fiƙihu irin su Risala sun yi bayanin shafa a kansa wajen alwala. Saboda haka har yanzu almajiri ya fi ɗan kasuwa saninta.

Na uku shi ne na Turanci, wanda ya yawaita bayan 1903: silifa, da sandal, da kambas. Abin lura shi ne Bakatsine yakan ce silihwa, yadda yake cewa hwade maimakon fade. Watau da zarar kalma ta sauka, sai lafazin garin ya hau ta.

Na huɗu shi ne abin da Bahaushe ya ƙera da kansa, kamar sau-ciki da takalmin taya, inda siffa ko abin da aka yi shi da shi ya zama suna. Haka nan takalmin gashin jimina, wanda Tarihin Kano ya jingina wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499).

Ba Hausa kaɗai ke wannan aro ba. Mutanen Ailan suna ce wa takalmi bróg, daga brók na tsohon harshen Nos, wanda asalin ma'anarsa wando ce. Daga gare su kuma Turanci ya sami brogue.

To, sai malaman kwalejojin horo su kula da abu biyu. Kada a hana ɗalibi kalmar aro don ana ganin baƙuwa ce, gama shaida ce ta tarihi. Sa'an nan ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 ba za su wadatar da mai bincike ba, sai an je ga tsofaffin dukawa an rubuta sunayen da ke bakinsu, tun takalmin roba bai shafe su ba.