Hoton kamarar shago ya ɓace a salula: kada a zargi yaro, lamba ce ta sake

Ƴan kasuwa da dama a Yamai, Maraɗi da Damagaram sun kafa kamara a shago ko a gida, don su riƙa leƙen dukiyarsu ta salula in suna kan hanya. Amma wani lokaci, da an ɗauke wuta an maido, sai hoto ya ɓace. Mai shago ya tuhumi yaronsa da cire waya, alhali yaron bai taɓa komi ba.

Ga abin da ke faruwa. Duk na'urar da ta hau intanet tana da lambarta, wadda ake ce ma adireshin IP. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, wajen miliyar 4,3 kawai ya ƙumsa, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka galibi aron lamba kamfanin sadarwa ke ba mutum. In akwatin wifi ya mutu ya tashi, yana iya samun wata sabuwa, salula kuwa ta yi ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Maganin abin shi ne suna. Kamar yadda kike ajiye lambar dillaliya da sunanta a salula, haka intanet ke da kundin da ke haɗa suna da lamba, wato DNS. Akwai kuma DDNS, wanda aka yi don lambar da ba ta zama wuri guda: duk lokacin da ta sake, akwatin wifi ya aika ma kundin sabuwar, suna na nan yadda yake. Kamfanin No-IP yana bada irin wannan suna kyauta, amma sai an sabunta shi kowane kwana 30, in ba haka ba ya faɗi.

Sai dai a lura: in intanet ɗin na katin SIM ne, sau da yawa mutane masu yawa ke tarayya a lamba guda, DDNS ba ya aiki a nan. Sai a nemi kamarar da ake haɗa ta da salula ta hanyar ɗaukar hoton alamar QR, don ita ba ruwanta da sakewar lamba.

Abu na ƙarshe shi ne lambar sirri. A 2016, wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kama dubban kamarori da akwatunan wifi a duniya, don masu su sun bar lambar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta.

To, Alhaji da Hajiya, kafin ku biya mai haɗawa kuɗin aikinsa, ku tambaye shi: lambarmu tana sakewa? Wa zai riƙa sabunta sunan? Sannan ku sa lambar sirri da hannunku, ku kashe akwatin ku kunna a gabansa. In hoto ya dawo, aiki ya yi.