Jari daban, guzuri daban: kwana huɗu a hanya da yara huɗu

Mu biyu ne a gida ɗaya a Birnin Ƙonni, uwargida da amarya, kuma ƙungiyarmu ta asusu ɗaya ce. Mai gidanmu ya tafi cin rani Abijan tun bayan girbi, kamar maza da yawa na jahar Tawa. Da albasa ta fara fitowa a watan Maris, ƙungiya ta ba mu bashin jikka 100. Niyyarmu mu sari albasa a Galmi, mu wuce Badagishiri mu sayo raguna biyu na kiwo don Layya.

Matsalar ita ce yara. Huɗu gare mu: ɗan shekara 7, ƴar shekara 6, ɗan shekara 3, da ta goye. Surukarmu ta tsufa, ba ta iya bin su. Mutum ɗaya kuma ba ta iya cinikin albasa da na dabbobi ita kaɗai, ga tsaron kuɗi, ga kaya. Da hutun lakkwal ya zo, sai muka ce to, kowa ya ɗaura.

Ƙulli uku

Daren da za mu tashi, shugabar ƙungiyarmu ta zo har gida. Ta sa muka raba kuɗi ƙulli uku. Na farko jari, shi ne bashin asusu. Na biyu guzuri, kuɗin mota da abinci, daga aljihunmu. Na uku na ko-ta-kwana, jikka 5, wanda ba a kwancewa sai ciwo ko ɓacin mota. Ta ce, “Ɗiyana, kuɗin mutane ne kunka ɗauka. In yaro ya yi kukan ƙosai, ba jari za ku taɓa ba.” Sannan ta buga waya ga wata shugabar ƙungiya a Badagishiri, ta shaida mata baƙi na nan tafe.

Ran Talata bayan sallar asuba muka shiga mota, don mu riga rana. Mun ɗauki buta biyu, jarkar ruwan famfo, tabarma, soyayyar gyaɗa, garin kunu, da takardun asibiti na ƙananan biyu. Tun a tasha lissafinmu ya fara kwancewa. Mun ɗauka yara duka a cinya za su zauna, karen mota ya ce manyan biyu sai an biya musu kujera ɗaya.

Yara kam sun sha kallo. A Malbaza babban ya hango masana'antar siminti, ya ce, “Inna, wanga wane irin rumbu ne haka?” Motar duka aka yi dariya. A Galmi kuma suka ga buhunan albasa jere bakin titi, da manyan motoci masu lodi zuwa Gana da Kodebuwa. Albasar da suke gani kullum a miya, sai ranar suka san sunan garin nan ya kai ƙasashen waje saboda ita. Muka sari buhunanmu, muka haɗa su da direban da muka sani ya kai Ƙonni, muka kwana wajen ƴar uwar amarya.

Daren Laraba

Washegari muka koma baya zuwa Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titi, muka jira wata mota. A nan muka yi kuskure. Jarkarmu ta ƙare, rana ta take, ɗan shekara 3 na kukan ƙishirwa. Muka saya masa ruwan sanyi na ƙulle a leda, ba mu san inda aka ɗebo shi ba.

Tsakar dare a Badagishiri gudawa ta kama shi, har da amai. Kafin asuba idanunsa sun faɗa. Amarya, da yake ita ce uwarsa, ta kama kwance ƙullin jari tana kuka: “Yaya, mu ɗauki shatar mota mu koma gida yanzu. Mi za ni gaya ma babansu?” Uwargida ta riƙe hannunta.

Mai masaukinmu ce ta tsaya mana. Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta auna lita ɗaya, ta zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari irin na asibiti. Ta ce a dinga ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata jim kaɗan a ci gaba. Gari na wayewa ta raka amarya gidan likita. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, kuma takardarsa da muka riƙo ta sauƙaƙa komai. An ba shi ƙwayar zinki ta kwana 10, sauran magani muka saya da ƙulli na uku.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Badagishiri. Uwargida ta shiga kasuwar dabbobi ita kaɗai da manyan yara biyu, ɗan mai masaukinmu ya raka ta wajen dillalin da suka yarda da shi. Da yamma, da yaron ya fara shan kunu, muka ƙarasa Illela, tamu ta nan Nijar ba ta ƙetaren iyaka ba, muka kwana gidan kawun yara. Kakanninsu na can ba su taɓa ganin ta goye ba sai ranar.

Abin da muka kai gaban ƙungiya

Ba za mu ɓoye muku ba, mun taɓa jari. Guzuri ya ƙare saboda kujerar yara da kuɗin ɗaukar dabbobi, wanda ba mu sa a lissafi ba. Jikka 4 muka cira, shi ya sa ragon na biyu ya zamo ƙarami. A zaman mako muka faɗi haka gaban kowa, magatakarda ta rubuta. Wasu sun ce da ma mun bar yara wajen maƙwabta. Wata tsohuwa ta ce ita da ta bar nata, kwana uku ba ta yi ciniki da hankalinta ba. Ba a tsaida magana ɗaya ba, kowace da gidanta.

Amma ga wadda za ta fita fatauci da yara, ga abin da muka koya da jikinmu. Ki tambayi kuɗin kujerar yara da na kaya kafin ranar tafiya. Ruwa ki ɗauki ninki biyu na abin da kike zato, musamman da bazara. Ƙunshin gishiri da sukari da takardar asibiti su shiga jaka tun kafin zane. Ku kasance manya biyu, don in ɗaya ta tsaya da marar lafiya, ɗaya ta yi kasuwa. Kuɗin ko-ta-kwana kuma kada ya fito daga bashi.

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi sun bazu gari-gari. Mu dai mun san amfanin asusu a akwati. Ba mu san yana iya zama tabarma da ruwan zafi a garin da ba mu da kowa ba, sai daren Larabar nan. Shi ya sa muke roƙon kowace ƙungiya ta Ƙonni, Malbaza da Illela ta ajiye lambar wayar shugabannin garuruwan kasuwa a littafinta.

Yaron ya warke sarai, shi ke kai wa raguna dusa yanzu. Mun biya kashin farko na bashi da kuɗin albasa. Mai masaukinmu kuma mun aika mata da rabin buhu. Allah ya bar zumunci.