UWARGIDA, KI SAN CIWON LUFUS, KI IYA ZAMA DA SHI

Kafin layi ya zo kanki, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

MENE NE LUFUS?

Jikin kowa yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A ciwon lufus garkuwar nan ce take rikicewa, ta koma tana yaƙar jikin mai ita: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har huhu da zuciya. Cikin mutum 10 masu ciwon, 9 mata ne, yawanci 'yan shekara 15 zuwa 45, wato shekarun haihuwa.

Ba sammu ba ne, ba iska ba ce. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ci kwano ɗaya da iyalinki, goya ɗanki, babu komai.

Ba a sami maganin raba mutum da shi ba tukuna. Ciwo ne mai lafawa, ya sake tashi. Amma akwai maganin kwantar da shi, har ki yi aikinki ki reni 'ya'yanki.

ALAMUN TASHINSA

Ciwon gaɓoɓi da kumburinsu, musamman yatsu da wuyan hannu. Gajiya mai yawa ba aikin fari ba na baƙi. Zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Ƙuraje ko tabo a kumatu da karan hanci. Zubewar gashi. Gyambo cikin baki.

SHA MAGANI KO KINA JIN SAUƘI

Nan ne mata da yawa suke kuskure. Jiki ya yi daɗi, sai a ajiye magani. To, sauƙin nan aikin maganin ne. In kin bari, ciwon zai dawo, yana iya komawa kan ƙoda, ita kuwa ƙoda takan lalace a ɓoye, ba ta yin zafi.

1. Ƙwayar haidiroksi-kulorokwin, 'yar'uwar kulorokwin ta zazzaɓi, ita ce ginshiƙi. Sha kullum. Je a duba idonki duk lokacin da likita ya sa.
2. Kada ki yanke shan firedinisolon farat ɗaya. Akwai haɗari. Likita ne zai rage miki a hankali.
3. Kada ki sayi maganin ciwon jiki a kemis ko wajen 'yan talla. Waɗansu suna ɓata ƙoda. Haka ma jiƙe-jiƙe, faɗa mana kafin ki sha.
4. Kada ki tsallake ranar asibiti. Zo da katinki, a gwada jini da fitsari, a auna hawan jini.

GUJI RANA

Hasken rana yana tayar da lufus, ko fatarki baƙa ce. Yi wanki, ɗebo ruwa da cin kasuwa da sassafe ko da yamma. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, zauna a inuwa. In fita ta zama dole, sa riga mai dogon hannu, riƙe laima. Bar man bilicin.

ABINCI DA HUTU

Rage gishiri da magi. Ci ganye, wake, kifi da 'ya'yan itace. Sha nono ko madara don ƙarfin ƙashi. In kin gaji, huta, ba ragwanci ba ne. Ranar da kika ji dama-dama, motsa jiki kaɗan. Maganinki yana rage ƙarfin garkuwa, saboda haka wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro.

CIKI DA GOYO

Mai lufus tana haihuwa lafiya, in an yi shiri. Jira sai ciwon ya kwanta wata 6 cur kafin ki ɗauki ciki. Zo da maigida ku ga likita tun kafin nan, domin waɗansu magungunan suna yi wa ɗan tayi lahani, sai an canja su. Ba kowace ƙwayar tazarar haihuwa ce ta dace da ke ba, tambayi malamar asibiti.

Da kin ga ɓatan wata, fara awo, ki faɗa wa ungozoma kina da lufus. Ci gaba da shan haidiroksi-kulorokwin lokacin ciki da shayarwa. Haihu a asibiti. Bayan haihuwa ciwon yakan tashi, kada ki jira arba'in in kin ji canji.

ZO ASIBITI NAN DA NAN IN KIN GA:

Kumburin ƙafa ko fuska. Fitsari mai kumfa ko jini. Zazzaɓi. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ciwon kai mai tsanani, jijjiga ko gani dishi-dishi. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Zubar jini, ko jariri ya rage motsi a ciki.

Kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Kada ki ce bari mu ga gobe.

SHA MAGANINKI. GUJI RANA. RIƘE RANAR ASIBITI.
LAFIYAR UWA, LAFIYAR GIDA.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha