Wane gidan likita ya dace da tsoho a jahar Maradi?

Jama'a, ciwon tsufa dabam yake da ciwon yaro. Zazzaɓin cizon sauro yakan warke cikin ƴan kwanaki. Amma hawan jini, da ciwon suga, da yanar ido, da wahalar fitsari ta dattawa maza, sai an daɗe ana kula da su. Saboda haka ya kamata mu san abin da kowane gidan likita yake iya yi wa iyayenmu.

Na farko, ƙaramin ɗakin magani na ƙauye. Shi ya fi kusa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Yana maganin zazzaɓi, da zawo, da ƙananan raunuka. Amma ciwo mai daɗewa ya fi ƙarfinsa.

Na biyu, likitar CSI. A nan majiya yake auna jini. Idan awon ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma ya sake kaiwa haka a wata ranar, to akwai hawan jini. Wannan ciwo ba ya yawan nuna alama, sai ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Ga tsohon da ke shan magani kullum, CSI ta fi sauƙin komawa.

Na uku, asibitin gunduma, kamar na Tasawa, Mayahi, Dakwaro, Madarunfa da Gidan Runji. Akwai lokotoro, da ɗakin awon jini da fitsari, da gadajen kwanciya.

Na huɗu, manyan asibitocin birnin Maradi. Can ne ake samun ƙwararru da manyan na'urori. Akwai kuma asibitin ido na Makka, inda ake cire yanar ido. Sai dai tafiya da nisa, ga layi, ga abincin mai jinya da masaukinsa.

Game da kuɗi, magani kyauta da aka soma a shekarar 2006 na yara ne ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki. Bai haɗa da tsofaffi ba. A shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo a asibitocinta. Duk da haka, iyali su tanadi kuɗin magani tun lokacin kaka, kafin hatsi ya ƙare.

To, wanne ya fi? Girman gini ba shi ne magana ba. Ku duba abu 3: ana auna tsohon? Akwai maganinsa? Zai iya komawa kowane wata? Ku fara da na kusa. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, za su ba ku takarda zuwa gaba. Amma idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko fitsari ya tsaya, a nufi asibiti nan take.

Kai da ka koyi karatu, riƙe karnen mahaifinka. Karanta masa ranar komawa da lokacin shan magani. Wannan ma biyayya ce ga iyaye.