Kafin Ka Ɗaura wa Bambar Motarka Leɓe a Gida

Ɗan ƙanwata ne ya shigo gidana ran wata Asabar da hantsi, saɓe da dogon kwali a kafaɗa. Bai cika wata biyu da sayen Corolla 'yar Kwatano ba, kuma tun ranar da makulli ya shiga hannunsa yake neman abin da zai bambanta ta da dubban irinta da ke yawo a titunan Kano. Ya kwance kwalin a tsakar gida, sai ga baƙar roba an raba ta gida uku, da ƙullin sukurori, da naɗin tef mai gam ciki da baya.

"Kawu, sifoila ce," in ji shi. "Mai shagon ya ce in na sa ta mota za ta kama ƙasa, ta kuma rage shan mai. Wai minti 20 ya ishe ni."

Na ce ya samu wuri ya zauna tukuna. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar mai shagon, sai dai gaskiyar ta shafi wasu motoci ne da ke wani irin gudu a wasu hanyoyi daban.

Sifoilar gaba leɓe ne da ake ɗaurawa a ƙasan bamba, wani ya sauko ƙasa kamar haɓa, wani ya miƙe gaba kamar faranti. Asalin sunan a Turance yana nufin mai ɓatawa, kuma abin da take ɓatawa shi ne tafiyar iskar da ke son kutsawa ƙarƙashin mota. Mun saba ɗaukar iska kamar ba komai ba ce, alhali tana da nauyi: akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi yana ɗauke da kusan kilo 1.2 na iska. Idan mota ta keta ta, sai ta rabu, wata ta hau bonet da gilashi, wata ta bi gefe, wata ta nutsa ƙasa. Wadda ta hau sama tana ƙara sauri a kan lanƙwasar bodi, kuma duk inda iska ta ƙara sauri, dannawarta tana raguwa. Wadda ta shiga ƙasa kuwa ba ta samun shimfiɗaɗɗiyar hanya. Tana cin karo da injin da salansa da ƙarafunan ƙafa da tanki, ta cushe, ta tura sama. Sama ta sassauta, ƙasa ta tura, sai gaban mota ya fara sauƙi. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye rufin kwano ya ga wannan aikin da idonsa, domin ɗaga rufin take yi sama, ta yi gaba da shi. Direban da ya taɓa jin sitiyari ya saki a hannunsa lokacin da ya take mota sosai, abin da ya ji ke nan.

Leɓen yana tare wani kaso na iskar, ya kora ta gefe da sama, ya bar wuri mai ƙarancin dannawa a bayansa. To amma ƙarfin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iska ninkuwa yake sau huɗu. A gudun kilomita 50 cikin awa, iska tana danna kowace murabba'in mita da abin da bai wuce nauyin kilo 12 ba. A kilomita 100 ya kai wajen kilo 47. A kilomita 200 ya doshi kilo 190.

Wannan lissafi shi ya sa ƙasar Jamus, inda wasu sassan manyan hanyoyi ba su da iyakar gudu, ta yi fice a wannan fanni. A 1972 kamfanin Porsche ya nuna 911 Carrera RS a birnin Paris, da leɓe a gaba da ɗan tudu a baya wanda ake kira wutsiyar agwagwa. A 1973 BMW ya fitar da 3.0 CSL da babban leɓe a gaba da dogon fiffike na baya. Fiffiken nan dokar Jamus ba ta yarda a hau titi da shi ba, don haka kamfanin yakan saka shi cikin but, mai mota ya je ya ɗaura da kansa. Ka ga ashe ɗaura irin waɗannan kaya a gida tsohon abu ne. Bambancin shi ne waɗancan an gwada su a ɗakin gwajin iska, a jikin ainihin motar da aka ƙera su dominta, kuma an auna gaba da baya tare.

Auna gaba da baya tare ba ƙaramin abu ba ne. Motar Audi TT ta farko, wadda ta fito a 1998, ta yi munanan haɗurra a gudun da ya haura kilomita 180, saboda bayanta yana sauƙi a irin wannan gudun. Sai da kamfanin ya kira motocin a ƙarshen 1999 da farkon 2000, ya ƙara musu sifoila a baya, ya gyara ƙafafu, ya sa na'urar da ke hana mota juyawa. In kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji zai iya kuskure ma'aunin nan, to robar da aka rubuta wa “tana shiga kowace mota” ba ta da hurumin yi wa kowa alkawarin kama ƙasa.

A nan gida, dokar hanya ta ba ƙaramar motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Muka auna robar ɗan ƙanwata: tsawonta mita 1.7, fitowarta gaba santimita 5. Ko da iska ta hau kanta da dukkan ƙarfinta a gudun kilomita 100, abin da za ta danna bai wuce kilo 4 ba, a jikin motar da ta kai kimanin kilo 1,200. Tsakanin Kofar Nasarawa da Zoo Road kuwa, inda zai fi yawan bi, ba zai ji bambancin komai ba, a sitiyari ko a gidan mai. Na faɗa masa gaskiya: ado ka saya. Kuma ado ba laifi ba ne, mai doki ma yana yi wa dokinsa kwalliya. Abin da ya dame ni shi ne kilo 4 ɗin nan. Ya yi kaɗan ya taimaki mota, amma ya isa ya ɓamɓare robar da aka manna da gam kawai, musamman in aka haɗa shi da girgizar hanya da zafin watan Afrilu mai sassauta gam. Leɓen da ya saki a gudu, ko dai ya naɗe ƙarƙashin tayar mai shi, ko ya tashi ya sami mai babur da ke biye.

Saboda haka ba mu fara da diril ba, mun fara da tef ɗin awo. Yawancin ƙananan motoci tazarar cikinsu da ƙasa ba ta wuce santimita 13 zuwa 16 ba, kuma an ƙera su ne da tunanin hanyoyin da ba irin namu ba. Bamba tana gaba da tayoyi, ita ke fara isa gangare, ita ke sunkuyawa in an taka birki a bakin tudun rage gudu. Muka yanko kwali daidai zurfin leɓen, muka manna a ƙasan bamba, muka sa mutum huɗu a motar, ya fita ta kan kwalbatin ƙofar gidansu ya dawo, ya haye tudun da ke layinsu. Kwalin ya tsira da kyar. Da ya goge, da shawarata ita ce a mayar da kayan shago.

Robar ta zo a ɗan murɗe saboda zaman kwali, sai muka shimfiɗa ta a rana ta saki. Wannan dabarar tana yi wa roba mai laushi aiki. Mai sayen ta faiba kuwa ya sani ita ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi ranar da ta fara dukan ƙasa, don haka a hanyoyinmu mai laushin ta fi daɗewa.

Ba mu ɗaga motar da jak ba. Mun hau da tayoyin gaba kan katakai masu kauri, muka ja birkin hannu, muka sa wa tayoyin baya waigi. Ina roƙon mai karatu da babbar murya: kada ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka amince da bulon siminti, yana rugujewa ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Daga nan muka nemo tsakiyar bamba da tsakiyar leɓe muka yi alama, muka riƙe shi da tef na takarda, muka ja da baya muka duba ta kowane ɓangare. Kafin huda, na sa shi ya zura hannu da tocila bayan bambar. Wayoyin fitilar hazo suna nan, tankin ruwan wanke gilashi yana kusurwa, lagireto da na'urar sanyaya cikin mota suna tsakiya, kuma bakin diril bai san bambancinsu da roba ba. A can ne ma ya ga haruffan PP an buga a jikin bambar. Wannan nau'in roba gam ba ya kama shi da kyau sai an shafa masa wani ruwa na musamman, kuma shi ake yin yawancin bambobin zamani da shi. Ko an wanke da sabulu an goge da sifirit, tef ɗin taimako kawai zai yi. Kamfanin 3M, wanda ya yi suna a irin wannan tef, ya ce sai bayan awa 72 gam ɗinsa ke kai cikakken ƙarfi, balle wanda ba a san maƙerinsa ba.

Sukurorin da suka zo cikin kwalin muka ajiye su gefe. Irin masu cin roba da kansu ne, kuma girgiza tana faɗaɗa raminsu a hankali har su zame. Na aike shi kasuwar Kofar Ruwa ya sayo notina masu milimita 6 da ba sa tsatsa, da faffaɗan washa na sama da ƙasa, da kan noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa. Washa ita ce sirrin aikin, domin tana raba nauyi a faɗin roba maimakon ta bar shi a bakin rami ɗaya. Muka fara ɗauri daga tsakiya muna fita gefe, hagu da dama bi da bi, kimanin taƙi ɗaya tsakanin noti da noti, ba mu matse ko ɗaya ba sai da duka suka shiga. Matsewar ma daidai wa daida, don roba tana tsagewa in an ƙure ta. Aikin minti 20 ya ci mana wajen awa uku.

Akwai wani abu da na hana shi taɓawa. A ƙasan bambarsa, can ciki, akwai wata siririyar baƙar roba da faffaɗar leda mai tauri da ke rufe ƙasan injin, waɗanda kamfani ya sa tun daga masana'anta. Sau da yawa in suka fara ja da ƙasa, sai a fizge su a gareji a jefar, a ce ba su da amfani. Su ne kuwa sifoilar gaskiya ta motar. Suna rage dannawar iska a bayan lagireto, ta yadda iskar gaba za ta ratsa shi ta fita da zafi. Akwai motocin Amurka, irin su Pontiac Firebird na shekarun 1980, da ke shaƙar kusan dukkan iskar sanyaya injinsu ta ƙasa, waɗanda in robar nan ta faɗi sai injin ya ɗau zafi a babbar hanya. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, bai kamata a yi wasa da hanyar iskar lagireto ba, ko ta cire abin da kamfani ya sa, ko ta toshe bakin bamba da sabon ado.

Da muka gama, na kama leɓen da hannu biyu na girgiza da ƙarfi, motar ce ta motsa, shi bai motsa ba. Ya zagaya unguwa a hankali, washegari ya hau hanyar Zariya, idonsa a kan allurar zafin injin, kunnensa a kan duk wata sabuwar ƙara. Bayan mako guda muka sake bin notinan da sifana, biyu daga ciki sun ɗan saki, muka ƙara matse su. Kai ma in ka ɗaura naka, ka koma wa notinan bayan mako guda, ka kuma leƙa su duk ranar da ka ji bamba ta daki ƙasa, tun kafin ka hau babbar hanya.