Ko Kun Sani? Sirrin Saurin Isar Kayan Amazon

Ko kun san cewa saurin da kamfanin Amazon ke yi wajen kai wa masu saye kaya a Amurka ya dogara ne ga inda aka ajiye kayan tun kafin a saye su?

A da, kamfanin na ɗaukar Amurka baki ɗaya a matsayin yanki guda. Mutum a birnin New York zai yi odar takalmi ta intanet, a ɗauko masa daga wani rumbun ajiya a jihar Kalifoniya, kayan su keta ƙasar a jirgi ko a tirela. A shekarar 2023 kamfanin ya karkasa ƙasar gida takwas, kowane yanki da nasa rumbunan, cike da kayan da mutanensa suka fi saye. Manhajar kwamfuta ce ke nazarin cinikin baya, ta yi hasashen abin da za a nema a kowane gari, sai a kai shi can da wuri.

A cewar kamfanin, bayan wannan sauyi kimanin kashi 76 cikin ɗari na odar masu saye daga yankinsu aka riƙa cika ta, nisan da kaya ke tafiya kuma ya ragu da kashi 19 cikin ɗari. A shekarar ta 2023, kaya sama da biliyan 4 ne suka isa hannun masu su a Amurka a ranar da aka yi odar ko washegari.